Ƙididdigar bugu a wasan besbol

Ƙididdigar bugu ita ce alƙaluman da ake auna ƙwazon ɗan wasan besbol da su idan ya tsaya da sanda a gaban mai jifa. Asalinta daga Amurka ne a ƙarni na 19, inda Henry Chadwick, marubucin wasanni haifaffen Ingila, ya aro dabarar lissafin wasan kurket ya gyara ta don besbol.

Mafi daɗewa a cikinsu shi ne matsakaicin bugu, wanda ake taƙaitawa da AVG. Ana raba adadin sahihan bugu, wato waɗanda suka kai ɗan wasa aƙalla zangon farko lafiya daga cikin zanguna huɗu da ake zagayawa a filin, da adadin tsayuwarsa. Sai dai ba kowace tsayuwa ake ƙirgawa ba. Idan ƙwallon mai jifa ta kauce daga inda ya kamata ta bi sau huɗu har aka ba mai bugu zangon farko kyauta, ko ƙwallo ta same shi a jiki, ko ya sadaukar da kansa don abokinsa ya matsa gaba, duk ba sa shiga lissafi. Ana rubuta sakamakon da lambobi uku bayan ɗigo. Wanda ya kai .300 gwani ne, wanda ya faɗi ƙasa da .200 kuwa gurbinsa na rawa. A 1941 Ted Williams na Boston Red Sox ya yi sahihan bugu 185 cikin tsayuwa 456, ya tashi da .406. A 2024 hukumar MLB, mai kula da babbar gasar besbol ta Amurka, ta shigar da alƙaluman tsofaffin gasannin baƙaƙen fata cikin kundinta, sai Josh Gibson mai .372 ya ture Ty Cobb daga matsayin farko a tarihi.

Raunin wannan awo a fili yake: bai san da zangon kyauta ba, kuma a wurinsa duk bugu ɗaya ne. OBP, awon yawan isa zango, shi ne ya toshe gibin farko. Ana haɗa sahihan bugu da zangon kyauta da bugun jiki, a raba da jimillar tsayuwa da zangon kyauta da bugun jiki da sadaukarwar da aka cafe a sama. Barry Bonds ya kai .609 a 2004, shekarar da masu jifa suka riƙa guje masa har ya samu zangon kyauta sau 232.

SLG kuma ƙarfin bugu yake aunawa. Bugun zango ɗaya maki 1 ne, na zango biyu 2, na zango uku 3, cikakken zagayen zanguna huɗu 4, sai a raba jimillar da adadin tsayuwa. A ce ɗan wasa ya tsaya sau 10, ya yi bugun zango ɗaya sau biyu, na zango biyu sau ɗaya, da cikakken zagaye ɗaya: AVG ɗinsa .400 ne, SLG kuwa .800.

Idan aka tara OBP da SLG sai a samu OPS. Masana lissafi suna ƙorafin cewa an haɗa abu biyu da adadin da ake raba kowannensu da shi ya bambanta, amma sauƙinsa ya sa ya karɓu, kuma .900 zuwa sama alamar fitaccen mai bugu ce.