Tausa da ƙafa ko da hannu: ga amsoshin, don Allah a karanta kafin a sake tambaya

Da gaske ake taka mutum?

Da gaske. A wanke ƙafa, a shafa mai, a hau. A irin wadda ake kira ashiatsu, mai tausar yana riƙe da sanduna biyu da aka kafe a sama. Mutanen Kerala ta Indiya kuwa igiya suke riƙewa.

Wacce ta fi?

Ba wadda ta fi. Tafin ƙafa faɗi gare shi, nauyi yakan bazu ya nutse a hankali, shi ya sa ta dace da gadon baya da cinya. Tausar hannu mai zurfi da babban yatsa ake yinta da gwiwar hannu, ita ke cin ƙullin da ya maƙale a kafaɗa. Wuya kuma hannu kawai, ban da gardama.

In ba ta yi zafi ba, ba ta yi aiki ba ke nan?

Wa ya gaya muku? In kana riƙe numfashi kana cije leɓe, an wuce gona da iri. Buɗe baki ka ce a sassauta.

Ɗana ke taka min baya in na dawo daga kasuwar Sabon Gari. In hana shi?

To, Baba, ya danganta. In yaron ƙarami ne mara nauyi, kai kuma lafiyarka lau, gajiyar tsayuwar shago ce kawai, ban ce haram ba. Sai dai ka kwanta a tabarma a ƙasa, ba a katifar da ke lotsawa ba. Ya dafa bango. Ya taka naman da ke gefen ƙashin baya, ba kan ƙashin ba, ba kan haƙarƙarin ƙasa inda ƙoda take ba, kuma ban da tsalle. Matsalar ita ce yaro bai san yadda zai rage nauyinsa ba, aikin da sandunan can ke yi ke nan. In shekaru sun ja, ko ƙashi ya yi rauni, ko an yi maka tiyata kwanan nan, ko kana shan maganin tsinka jini irin warfarin, a bari. Ƙafar da ta kumbura ita kaɗai tana zafi, ko hannu kada a sa mata, gudan jini na iya ɓallewa ya tafi huhu. Ciwon da ke sauka har ƙafa da sagewa, ko fitsari ya fara kufce maka, wannan na asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ne, yau ba gobe ba. Kada hankalinka ya tashi, yawancin ciwon baya na tsoka ne, yakan lafa cikin 'yan makonni.

Mai ciki fa?

A'a, Hajiya. Ba a taka ta.