Kiwon mesa don sayarwa: me ake gwadawa kafin ciniki?

Wai da gaske akwai masu sayen maciji su ajiye a gida?

Ƙwarai kuwa, musamman a Turai da Amurka. Wadda suka fi so ita ce ƙaramar mesar nan marar dafi da ke naɗewa kamar gammo idan ta tsorata, ana kuma fitar da ita da yawa daga Togo, Benin da Ghana. Cinikinta tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar 1973 mai sa ido kan cinikin namun dawa da tsirrai. Nan Kamaru, ko kana Garwa ko Marwa, maganar izini tana hannun ma'aikatar gandun daji da namun dawa, MINFOF.

Maciji yana cin abincinsa lafiya lau, gwajin me kuma?

Nan gizo ke saƙar. Akwai ƙwayar cutar numfashi, nidobairos, da aka bayyana a jikin irin wannan mesa a 2014. Idan ta tsananta za ka ga yawu mai yauƙi a baki, maciji na numfashi baki buɗe. Amma wani yana ɗauke da ita ba alamar komai, yana ta raba wa na kusa. Akwai kuma wata cutar macizai da ake kira IBD, mai taɓa ƙwaƙwalwa: maciji ya ɗaga kai yana kallon sama, ka kifar da shi ya kasa juyowa. Dukansu ba su da magani.

Ana goga auduga a bakin macijin a kai gwajin PCR, wato gwajin gano ƙwayar cutar a ɗakin bincike. Gwaji ɗaya bai isa ba, don ƙwayar kan ɓuya. Sabon maciji a keɓe shi aƙalla wata uku, kwanon ruwansa daban, a riƙa duba gefen ido saboda ƙananan baƙaƙen ƙwari masu shan jini.

Mutum fa, zai ɗauka?

Salmonela dai, ƙwayar cuta mai sa gudawa, daga kashinsa. A wanke hannu da sabulu, yara ƙanana su yi nesa.

In gwaji ya nuna cuta, ba sai in rage kuɗi in rabu da shi ba?

Rage kuɗi ba ya wanke ka in ka yi shiru. Ɓoye aibin kaya algus ne, ko a kasuwar shanu ko a WhatsApp. Faɗa wa mai saye, ka nuna masa takardar gwajin da kwanan wata. Ni a ganina ma kada a sayar da shi sam, kada kuma a haɗa shi barbara. Sakinsa a daji ya fi muni, don macizan dawa za ka kai wa cutar.