Waiwaye: dokar giɓin kasafi da awon da ba ya kama kowa

Tun da Jamus ta sassauta dokarta ta taƙaita cin bashi a watan Maris na 2025, domin ta ƙara kuɗin tsaro, ake ta cacar baki kan ko irin waɗannan dokoki suna da haƙora. Amma wannan magana ba yau ta fara ba.

Farkon labarin sananne ne. Yarjejeniyar Maastricht ta 1992 ta ce kada giɓin kasafin ƙasashen Tarayyar Turai ya wuce kashi 3 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, bashi kuma kada ya wuce kashi 60. An sha tsallake iyakar, an dakatar da ƙa'idar a 2020 saboda korona, kuma har yau babu ƙasar da ta biya tara don yawan giɓi.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne a Amurka. A 1985 aka yi doka cewa giɓin zai riƙa raguwa kowace shekara har ya ƙare a 1991, in kuwa ya wuce iyaka, a zabge kuɗin ma'aikatu kai tsaye. A takarda babu mafita. Sai dai dokar hasashen giɓi take aunawa a farkon shekara. Abin da aka kashe a zahiri zuwa ƙarshenta ba ya jawo hukunci. To, hasashe kuwa ai alƙalami ne. A ɗauka tattalin arziki zai bunƙasa, a sayar da kadara a lissafa ta a kuɗin shiga, a tura biyan albashi da kwana ɗaya ya faɗa sabuwar shekarar kuɗi, shi ke nan takarda ta yi tsaf. A 1987 aka ɗaga wa'adin zuwa 1993. A 1990 iyakar dala biliyan 100 ce, giɓin ya kai biliyan 221, a shekarar kuma aka sauya tsarin.

A ganina, masu kukan rashin hukunci sun bar jaki suna dukan taiki. Matsalar tana wajen awo. Turai ma a 2005 ta karkata ga auna giɓin da zai rage idan aka cire tasirin hawa da saukar tattalin arziki, adadin da ba a ƙirga shi, sai dai a ƙiyasta, kuma akan sake gyara shi bayan shekaru. A kan irin wannan ƙiyasin Jamus ta gina waccan dokar tata a 2009, mai iyakar giɓin kashi 0.35 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara.