Faɗuwar Kasuwar Hannun Jari ta New York a 1929

Faɗuwar kasuwar hannun jari ta New York, wadda aka fi sani da faɗuwar Wall Street, ita ce rushewar farashin hannayen jari da ta auku a Amurka a ƙarshen watan Oktoban 1929. Ita ta buɗe ƙofar karayar tattalin arziki mafi muni da duniya ta gani a ƙarni na 20. Waɗanda suka mallaki hannun jari a lokacin 'yan tsiraru ne a ƙasa mai mutum sama da miliyan 120, amma wahalar da ta biyo baya ta fi faɗa wa manoma da leburori da masu ƙaramar ajiya a banki, mutanen da ba su taɓa taka ƙafa ofishin dillali ba.

Yadda abin ya faru

A ranar 3 ga Satumban 1929 ma'aunin Dow Jones, mai nuna hawa da saukar farashin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, ya kai maki 381, matakin da bai taɓa kaiwa ba. Daga nan farashi ya fara tangal-tangal. Ranar Alhamis 24 ga Oktoba sai masu sayarwa suka yi wa kasuwa ambaliya, hannayen jari kusan miliyan 13 suka sauya hannu a wuni guda. Na'urar da ke buga farashi a kan siririyar takarda ta kasa bin ciniki, ta yi lattin sa'o'i, don haka mai jari a wani gari bai san nawa dukiyarsa ta koma ba. Rashin sanin ya ƙara tsoro.

Da tsakar ranar manyan masu bankuna suka taru a ofishin bankin J.P. Morgan, suka haɗa kuɗi don tallafar farashi. Richard Whitney, mataimakin shugaban kasuwar, ya shiga fili ya taya hannun jarin kamfanin ƙarafa na U.S. Steel a kan dala 205 a idon kowa. Hankali ya ɗan kwanta, amma na kwana biyu ne kawai. Ranar Litinin 28 ga wata ma'aunin ya zube da kusan kashi 13 cikin 100, washegari Talata, wadda ake kira Baƙar Talata, ya sake zubewa da kusan kashi 12, aka yi cinikin hannayen jari sama da miliyan 16.

An ɗan farfaɗo a farkon 1930, sannan aka ci gaba da gangarawa har 8 ga Yulin 1932, ranar da ma'aunin ya tsaya a maki 41. Kusan kashi 89 cikin 100 na darajar ke nan ta salwanta. Bai sake taka matakin 1929 ba sai a Nuwamban 1954.

Musabbabi

Babban tushen matsalar shi ne bashi. A shekarun 1920 mutum kan biya kafin alƙalami, wani lokaci kashi 10 cikin 100 kacal na kuɗin hannun jari, dillali ya ranta masa sauran, ya riƙe takardun a matsayin jingina. Muddin farashi na hawa, riba ninki-ninki ce. Da zarar ya sauka kaɗan, dillali zai aiko a ƙaro kuɗi nan take, in babu ya sayar da jinginar. Wannan sayarwar dole kan ƙara karya farashi, ta jawo wani dillalin shi ma ya sayar da ta wani. Kafin faɗuwar, rancen da ke hannun dillalai ya haura dala biliyan 8.

Akwai kuma kamfanonin zuba jari da aka riƙa kafawa, irin su Goldman Sachs Trading Corporation, waɗanda ke cin bashi su sayi hannun jarin wasu kamfanonin da su ma a kan bashi suke tsaye. Gungun attajirai kan haɗa baki su kumbura farashin kamfani, su sayar wa ƙananan mutane, su janye. Babu hukumar tarayya da ke sa ido a kan wannan. Har masana sun ruɗu: Irving Fisher na Jami'ar Yale ya bayyana, kwanaki kaɗan kafin faɗuwar, cewa farashi ya hau tudun da ba zai sauko ba.

A wajen kasuwa kuwa, ƙasa ta riga ta fara ciwo. Manoma sun shafe shekaru suna fama da faɗuwar farashin alkama da auduga, ga bashin gona. Masana'antu na ƙera motoci da rediyo fiye da abin da albashin ma'aikata zai iya saye, ana cike giɓin da sayarwa biya-kaɗan-kaɗan. Babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa don rage zafin cacar hannun jari, har reshensa na New York ya kai shi kashi 6 cikin 100 a Agustan 1929, abin da ya matse 'yan kasuwa na gaskiya tare da 'yan cacar.

Daga kasuwa zuwa gidajen mutane

Masana da dama, cikinsu har da Milton Friedman da Anna Schwartz, sun nuna cewa faɗuwar ita kaɗai ba ta isa ta haifar da bala'in shekara goma ba. Abin da ya mayar da ita annoba shi ne durƙushewar bankuna, da kuma yadda babban banki ya naɗe hannu. Tsakanin 1930 da 1933 bankuna kusan 9,000 suka rufe, kuɗin da ke yawo a ƙasa ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku. Babu inshorar ajiya a lokacin. Tela ko mai wanki da ya tara guminsa na shekara ashirin kan wayi gari ya tarar da ƙofar banki a garƙame. Wannan shi ne zalunci mafi girma a cikin lamarin, domin ya hukunta masu tsimi a kan laifin masu caca.

A 1933 mutum ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu ba shi da aiki, wato kusan mutum miliyan 13. Baƙar fata sun fi jin jiki, su ake fara sallama. Waɗanda aka kora daga gidajen haya suka kafa bukkokin kwali da langa-langa a gefen birane, suka raɗa musu suna Hooverville don nuna fushi ga Shugaba Herbert Hoover. Dogayen layukan karɓar burodi da miya suka zama ruwan dare. Aure da haihuwa suka ragu, samari da yawa suka bar gida suna ɗare jiragen ƙasa na kaya neman abin yi. A karkara, in banki ya sa gonar wani a gwanjo, maƙwabta kan taru su hana kowa tayawa sama da 'yan kwabbai, su saye ta su mayar wa mai ita. A Yulin 1932 sojoji ƙarƙashin Janar Douglas MacArthur suka tarwatsa 'yan mazan jiya da suka yi sansani a Washington suna neman a biya su kuɗin da aka yi musu alkawari.

Labarin da ya yaɗu cewa attajirai sun riƙa faɗowa daga benaye a makon faɗuwar an zuzuta shi. Kisan kai ya ƙaru da gaske, amma a hankali, ya fi yawa a 1932, lokacin da yunwa da rashin aiki suka yi katutu.

Wajen Amurka

Bankunan Amurka sun janye rancen da suka ba Turai, dokar ƙarin kuɗin fito ta Smoot-Hawley ta 1930 kuma ta sa wasu ƙasashe suka rama, cinikin duniya ya tsuke. Jamus na cikin ƙasashen da suka fi shan kashi: marasa aiki sun kai miliyan 6 a 1932. Jam'iyyar Nazi mai kujera 12 a majalisa a 1928 ta samu 107 a 1930, Hitler ya karɓi mulki a Janairun 1933. Ingila ta daina ɗaure fam da zinariya a Satumban 1931.

Zafin ya iso Afirka ta Yamma ta hanyar amfanin da ake fitarwa. Farashin gyaɗa a Kano ya faɗi warwas, ma'adinan kuza na Jos suka rage leburori, alhali gwamnatin mulkin mallaka na ci gaba da neman haraji da tsabar kuɗi. A Gwalkwas, wato Ghana ta yanzu, manoman koko sun ƙi sayar wa kamfanonin Turawa a kakar 1930 zuwa 1931.

Gyare-gyare

Franklin Roosevelt ya hau mulki a Maris 1933, ya rufe dukkan bankuna na 'yan kwanaki don a tantance su. Dokar Glass-Steagall ta shekarar ta raba bankunan ajiya da na hada-hadar jari, ta kuma kafa hukumar inshorar ajiya ta FDIC. A 1934 aka kafa hukumar SEC mai sa ido a kan kasuwa, aka ba babban banki ikon ƙayyade yawan kafin alƙalamin da mai saye zai biya. Dokar fansho da tallafin marasa aiki ta biyo baya a 1935. Richard Whitney kuwa, wanda ya zama shugaban kasuwar kuma ya yi adawa da waɗannan dokoki, an ɗaure shi a kurkukun Sing Sing a 1938 bisa laifin cin dukiyar da aka ba shi amana.