Takardar haihuwa ta ɓata: kwafi ake nema, ba sabuwar rajista ba

Da yawanmu ba ma tuna takardar haihuwa sai ranar da aka ce a kawo ta: za a yi wa yaro fasfo, ko an sami gurbin karatu, ko an buɗe ɗaukar aikin soja. A nan ne ake buɗe akwati a tarar gara ta cinye rabinta, ko ruwan damina ya wanke rubutun. Waɗanda ambaliyar madatsar Alau ta shafa a Maiduguri cikin Satumban 2024 sun san wannan tashin hankali, don ruwa bai bar takardun gida ba. Abin da ya kamata mai wannan matsala ya fara sani shi ne, takardar da ke hannunsa shaida ce kawai. Ainihin rajistar tana cikin kundin hukuma, kuma ɓatan takarda bai goge ta ba.

Dokar da ke tafiyar da wannan al'amari a Najeriya ita ce dokar tilasta rajistar haihuwa da mutuwa, mai lamba 69 ta shekarar 1992, wadda aka kafa zamanin mulkin Janar Babangida. Ita ta ɗora wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wato NPC, aikin rubuta kowace haihuwa, kuma kundin tsarin mulki na 1999 ya sake tabbatar mata da wannan aiki. Dokar ta ce a yi wa jariri rajista cikin kwana 60 da haihuwarsa, kyauta. Ta kuma ba mutum dama ya nemi a duba masa kundi, a ba shi kwafin abin da aka rubuta da tambarin hukuma, bayan ya biya kuɗin da aka ƙayyade. Saboda haka wanda ya je neman kwafi ba alfarma ya je roƙo ba, haƙƙinsa ne.

Wahalar tana wajen gano inda aka rubuta sunan. Duk wanda ya taɓa duba takardar NPC da kyau zai ga a samanta an rubuta cibiyar da aka yi rajistar, da gari, da ƙaramar hukuma, da jiha, sannan ga lambar kundi, da shekara, da lambar shigarwa. Waɗannan lambobi uku su ne adireshin mutum a cikin kundin. Idan kana da su, ma'aikaci zai ɗauko kundin ya buɗe shafin kai tsaye. Idan babu, sai dai a yi ta bin shafi shafi na rubutun hannu, a kundin da wataƙila ya shekara ashirin a cikin kabad. Shi ya sa kafin a je ko'ina ya kamata a fara farautar tsohon fotokofi. A duba fayil ɗin yaro a makarantar firamare ko sakandare, a duba wurin aikin mahaifi idan ya taɓa miƙa takardun 'ya'yansa don inshorar lafiya, a duba waya ko an taɓa ɗaukar hoton takardar an tura wa wani ta WhatsApp. Ko da fotokofin ya yi dishi-dishi, in dai lambobin suna karantuwa, rabin aiki ya ƙare.

Daga nan sai kotu. A wurin kwamishinan rantsuwa na babbar kotu ake yin takardar rantsuwa cewa takardar ta ɓata, a faɗi sunan mai ita, da ranar haihuwa, da yadda ta salwanta. Idan ta yaro ce, uwa ko uba ko mai riƙonsa ne zai rantse. Sau da yawa akan nemi rahoton 'yan sanda ma, musamman in sata ce ko gobara, don haka gara a haɗa da shi tun farko. Sai a tafi ofishin NPC na ƙaramar hukumar da aka yi rajistar, ba wadda ake zaune a cikinta yanzu ba. Wanda aka yi wa rajista a Funtuwa, ko da ya shekara goma sha biyar a Legas, kundinsa yana Funtuwa. In an rasa gane cibiyar, ofishin hukumar na jiha ne zai yi jagora. A tafi da lambar NIN ta mai takardar ko ta iyayensa, domin yanzu kusan komai a hukumar da ita ake yi.

Tun Nuwamban 2023, lokacin da Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da tsarin rajista ta kwamfuta, waɗanda aka shigar ta wannan hanya nasu ya fi sauƙi, tunda bayanansu suna ajiye a na'ura, ba sai an kaɗe ƙurar kundi ba.

To, idan an duba ba a sami komai ba fa? Wannan yana faruwa, kuma galibi dalilin shi ne tun asali ba a yi rajistar ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya nuna kashi 57 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ke da rajista. Iyaye da yawa suna riƙe da katin asibiti ko katin rigakafi suna zaton shi ne takardar haihuwa, alhali ba shi ba ne, ko da yake yana taimakawa wajen tabbatar da ranar da aka haihu. Yaron da bai kai shekara 18 ba, ana iya yi masa rajista a makare a ba shi takarda. Wanda ya kai 18 kuwa, takardar tabbatar da haihuwa NPC ke ba shi, bayan an yi masa rantsuwar shekaru a kotu, kuma an fi so wanda ya girme shi a dangi ya rantse, tunda ba wanda ya shaidi haihuwar kansa. Wanda aka haifa kafin dokar 1992 kuma takardarsa ta ƙaramar hukuma ce, zai iya fara tambaya a sakatariyar da ta bayar, in ba a dace ba ya bi wannan hanyar ta tabbatarwa.

Inda nake so a yi hattara sosai shi ne nan. Mutum ya san an yi wa ɗansa rajista, amma don gudun zirga-zirga sai ya je wata cibiya ya ce ba a taɓa yi ba, a buɗe masa sabuwa. Wani ma sai ya ce tunda dama ta samu bari a rage wa yaron shekara biyu saboda aikin gwamnati nan gaba. Wannan cutar da yaro ce, ba gata ba. Ranar haihuwar da ke kan NIN, da ta jarrabawar WAEC ko NECO, da ta BVN a banki, duk za a zo a gwama su da takardar, kuma ofishin fasfo ba ya wucewa da saɓani. Gyaran ranar haihuwa a hukumar NIMC, mai ba da lambar NIN, kuɗi ne mai yawa da jira mai tsawo, kuma su ma takardar NPC za su nema. Bayan haka, rantsuwa a kan ƙarya laifi ne da doka ta tanadar wa hukunci, balle kuma nauyinta a wurin Allah.

Sai batun 'yan kamasho da ke tsayawa bakin sakatariya da harabar kotu suna cewa “kawo a yi maka yanzu-yanzu”. Takardar da za su miƙo tana iya zuwa da tambari da sa hannu, amma in ba ta da tushe a kundi, ranar da ofishin jakadanci ya aika a tantance ta za ta zama jabu, kuma mai riƙe da ita ne zai amsa tambaya. A shiga ofis da kai, a tambayi kuɗin da hukuma ta sa, a karɓi rasit.

Idan an miƙo kwafin, kada a bar gaban teburin sai an karanta shi harafi harafi. Muhammad da Mohammed suna ɗaya ne a wurinmu, amma a wurin kwamfuta mutum biyu ne, haka A'isha da Aishatu. A gwada rubutun sunan da ranar haihuwa da abin da ke kan NIN, in akwai kuskure a nuna wa ma'aikacin nan take. Sannan a ɗauki hoton takardar da waya, a rubuta lambobin nan uku a wani wuri dabam.