Waiwaye: Yadda komawar Mirrihi da baya ta sauya ilimin falaki

Tun zamanin da, masu lura da sararin samaniya sun gane cewa akwai taurari biyar da ba sa zama wuri guda kamar sauran, wato Uɗaridu, da Zahra wadda Hausawa ke kira Zara matar wata, da Mirrihi (wanda Turawa ke kira Mars), da Mushtari, da Zuhal. Wanda ya fi ɗaure musu kai shi ne Mirrihi, domin kusan duk bayan wata 26 sai a ga ya dakata da tafiyarsa ta gabas, ya juya yamma na tsawon wata biyu da 'yan kai, sannan ya koma kan hanyarsa.

Wajen shekara ta 150 Miladiyya, masanin taurari Baɗlimus na birnin Iskandariya ya ajiye duniya a tsakiya, ya ce kowanne daga cikin taurarin nan biyar yana zagaya wata ƙaramar da'ira, ita kuma tana tafiya a kan babbar da'ira. Lissafinsa ya yi aiki fiye da shekara dubu, amma bai kwanta wa kowa a rai ba. A Alƙahira, Ibnul Haisam ya rubuta littafi sukutum kan shakkunsa game da tsarin. Nasiruddin Ɗusi a cibiyar nazarin taurari ta Maraga, wadda aka kafa a Iran a 1259, da Ibnu Shaɗir, mai kula da lokutan salla a Masallacin Umayyawa na Dimashƙa, sun yi masa gyare-gyare masu zurfi, har lissafin Ibnu Shaɗir na tafiyar wata ya zo daidai da wanda aka gani daga baya a aikin Kofanikus.

Shi Kofanikus, mutumin Poland, a 1543 ya mayar da rana tsakiya. Da haka komawar Mirrihi ta zama abu mai sauƙin fahimta: duniya ce ke wuce shi a zagayenta, kamar yadda fasinjan ƙaramar mota ke ganin tirela tana ja da baya a lokacin da suke wuce ta. Sai dai shi ma ya kasa rabuwa da cikakkiyar da'ira, kuma a ganina wannan ne ƙullin da ya fi wuyar kwancewa.

Bajamushe Yohanas Kefla ne ya kwance shi, da ma'aunan da masanin taurari Taiko Brahe, mutumin Denmark, ya tara na kimanin shekara 20 a tsibirin Hven ba tare da madubin hangen nesa ba. Bayan rasuwar Taiko a 1601, Kefla ya gina lissafin Mirrihi a kan da'ira, sai ya saɓa wa ma'aunan da minti takwas na kusurwa, wato kusan rubu'in faɗin wata a ido. Wani zai ɗora laifin a kan mai awo ya wuce, amma Kefla ya san ƙwarewar Taiko, don haka da'irar ya yar. A 1609 ya bayyana cewa hanyar Mirrihi da'ira ce da aka ɗan matse, irin wadda ake samu idan aka kafa turaku biyu, aka ɗaura musu igiya sako-sako, aka ja ta da tsinke ana zagayawa. Rana tana gurbin turke ɗaya, kuma tauraron yana ƙara sauri idan ya kusance ta.

Da wannan lissafi ya yi hasashen cewa Uɗaridu zai gifta ta gaban rana ranar 7 ga Nuwamba, 1631. Ya rasu a 1630, amma da ranar ta zo, masanin taurari Gasandi ya ga Uɗaridu kamar ɗan baƙin ɗigo a fuskar rana daga birnin Faris.