Waiwaye: Binciken makarantun koyon sana'a a Ostireliya, daga duba fayil zuwa soke takardun shaida

A Ostireliya mutum ba ya wayar gari ya kafa allo ya ce zai riƙa ba da takardar shaidar aikin wutar lantarki, ko ta girki, ko ta kula da tsofaffi. Sai ya yi rajista, ya zama abin da suke kira RTO, wato cibiyar horo mai rajista, kuma kafin a ba shi rajistar sai masu bincike sun tantance shi. Irin waɗannan cibiyoyi sun kai kimanin 4,000 a ƙasar, daga manyan kwalejojin gwamnati har zuwa ɗan ofis mai ɗaki biyu a saman kanti.

Wanda aka taɓa yi wa binciken ya san yadda yake. Jami'i zai zauna ya ce a kawo masa takardun malamai, ta sana'ar da ta iya koyarwa. Zai nemi tsarin darussa da adadin awoyin da aka ware musu, da takardun gwaji, ya zari fayil ɗin ɗalibai kaɗan ya duba ko an sa hannu inda ya kamata. Zai duba tallan da makarantar ke yi, da ƙarfin aljihunta, da ko mai ita mutumin kirki ne da ba a taɓa kama shi da zamba ba. Idan ya ga giɓi, ya ba da wa'adin gyara. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da za a ce bai da amfani. Amma duk wanda ya bi tarihin shekaru 30 da suka wuce zai ga cewa ɓarnar da ta fi cutar da mutane ba a cikin fayil ta auku ba, kuma kusan kowane gyara da aka yi wa binciken sai da ruwa ya riga ya ci wasu.

Da farko harkar ta gwamnatocin jihohi ce, ta hannun kwalejojinsu na koyon sana'a da ake kira TAFE, waɗanda rahoton Myer Kangan na 1974 ya ɗaga darajarsu. A shekarun 1990 aka buɗe kasuwa ga 'yan kasuwa. Daga 1998 mai gida da yaronsa mai koyon aiki suka samu damar zaɓar inda za a horar da yaron, kuɗin gwamnati ya bi su can. A wannan shekarar ce kuma aka amince cewa makarantar da wata jiha ta yi wa rajista, sauran jihohi dole su karɓi takardarta. Wannan ya sauƙaƙa wa ma'aikaci mai ƙaura, amma ya mai da jihar da ta fi sakaci ƙofar shiga ga kowa. Ba a jima ba binciken da Kaye Schofield ta yi a Kwinslan da Tasmaniya da Biktoriya tsakanin 1999 da 2000 ya nuna ingancin horon ya fara tangal-tangal. Aka fito da ƙa'idoji na ƙasa baki ɗaya a 2001, aka sake musu fasali a 2005, da 2007, da 2010. Masu binciken dai na jihohi ne, kowa da irin tasa sandar awo.

Abin da ya tona asiri shi ne ɗaliban ƙasashen waje. A lokacin, kammala kwas ɗin girki ko gyaran gashi na iya buɗe wa baƙo hanyar samun izinin zama na dindindin, saboda sana'o'in suna cikin jerin waɗanda aka ce ƙasar na nema. Makarantu suka yi ta tsirowa a Melbon da Sidni, matasa daga Indiya da wasu ƙasashen Asiya suka yi ta zuwa, da yawansu da kuɗin da iyaye suka ciwo bashi. A 2009, shekarar da hare-haren da aka kai wa ɗaliban Indiya a Melbon suka ɓata dangantakar ƙasashen biyu, wasu daga cikin makarantun suka rufe ƙofa ba sallama, suka bar ɗalibai a titi. Dukan makarantun nan masu rajista ne. Gwamnatin tarayya ta sa Bruce Baird ya sake duba dokar kare ɗaliban waje, ta soke jerin sana'o'in a farkon 2010, sannan aka kafa hukuma ɗaya ta ƙasa, ASQA, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2011. Jihohin Biktoriya da Ostireliya ta Yamma suka ƙi miƙa ikonsu, har yau suna riƙe da nasu hukumomin ga makarantun da ba sa fita iyakar jiha.

Sabuwar hukumar ba ta gama zama ba babbar guguwa ta taso, kuma daga wani ɓangaren gwamnatin ta fito. Akwai shirin bashin karatu mai suna VET FEE-HELP da aka fara a 2009: gwamnati ta biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye, shi kuma ya biya ta hanyar haraji idan albashinsa ya kai wani mizani, wanda a 2015 ya ɗan haura dala 54,000 na ƙasar a shekara. A 2012 aka sassauta sharuɗɗan shiga. Ba a ƙayyade kuɗin da makaranta za ta caza ba, kuma ana biyan ta ne a kan rajistar ɗalibi, ko ya koyi wani abu ko bai koya ba. Bashin da ya tsaya a dala miliyan 26 a 2009 ya kai biliyan 2.9 a 2015.

Yadda aka tara wannan kuɗi shi ne abin da ya fi ci mini rai. Dillalai ne ke yawo gida-gida a unguwannin talakawa, da bakin ofisoshin biyan tallafi, da ƙauyukan 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin. Dillali zai buɗe bayan mota ya nuna sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka a kwali, ya ce kyauta ce, karatun ma gwamnati ce ke biya, abin da ake so kawai sa hannu da lambar haraji. Idan mutum ya yi jim, sai a ce ai albashinka ba zai taɓa kai mizanin ba, ba za ka biya ko sisi ba. Haka aka sa tsofaffi, da masu lalurar ƙwaƙwalwa, da waɗanda ba su iya karatu sosai ba, da waɗanda ko intanet babu a gidansu, cikin kwasa-kwasan difloma na intanet, aka rataya musu bashin dubban daloli. A shari'ar da hukumar kare masu saye, ACCC, ta kai makarantar Phoenix Institute, an nuna cewa cikin ɗalibai fiye da 11,000 da aka yi wa rajistar karatu ta intanet, 9 kacal suka kammala. A 2023 Kotun Tarayya ta ci ta tara ita da kamfanin da ke yi mata talla, jimilla dala miliyan 438, amma a lokacin kamfanonin sun daɗe da durƙushewa.

Ina masu bincike suke? Adalci ya sa a faɗi cewa ba ASQA ke riƙe da asusun bashin ba, ma'aikatar ilimi ce, kuma babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya ce a rahotonsa na Disambar 2016 ba a tsara shirin da kyau ba, ba a kuma gudanar da shi da kyau ba. Duk da haka, makarantun nan sun tsallake bincike kafin su samu rajista. Mai kuɗi yana iya ɗaukar ƙwararre ya shirya masa fayil tsaf, ko ya sayi kayan gwaji da aka riga aka rubuta. Wanda binciken takarda ya fi wahalar da shi shi ne tsohon makaniki mai koyar da yara 20 da gaske, amma bai iya cika fom ba. An hana ba da kyautar kwamfuta a Afrilun 2015, aka rufe shirin a ƙarshen 2016, daga baya gwamnati ta yafe basussuka masu yawa na waɗanda aka yaudara.

Daga nan salon ya fara sauyawa. ASQA ta koma bin sawun ɗalibi tun daga tallan da ya gani har zuwa takardar da aka ba shi, tana tambayar ɗaliban da bakinsu. Sabuwar makaranta rajistar shekara 2 ake ba ta, wadda ta kafu kuma tana iya samun har 7. Nazarin Valerie Braithwaite na 2018 da na Steven Joyce na 2019 sun kawo wani kukan daga ɗaya ɓangaren, na makarantun kirki da ke cewa hukumar ta cika bin ƙananan kurakurai, har mutum ya fi tsoron jami'i fiye da damuwa da ajinsa. Bayan wani nazarin a 2020 aka karkata ga cewa kowace makaranta ta riƙa bincikar kanta tana nuna hujja, hukuma kuma ta fi zuba ido inda haɗari yake. Ni ina ganin wannan daidai ne ga mai gaskiya, amma wanda ya shigo don ya ci kuɗi ba zai taɓa kai ƙarar kansa ba.

Hakan kuwa aka gani. Rahoton Christine Nixon na 2023 ya nuna yadda ake amfani da makarantun bogi wajen cinikin biza, azuzuwa babu kowa, ɗalibai suna can suna aikin ƙarfi. Aka ba ASQA ƙarin dala miliyan 37.8 da sashen farautar 'yan damfara da layin tsegunta bayani. Dokar 2024 ta ce makarantar da ta yi wata 12 ba ta koyar da kowa ba rajistarta ta faɗi da kanta, kuma a Agustan shekarar aka sanar da rufe kusan 150. Sababbin ƙa'idoji sun fara aiki ranar 1 ga Yulin 2025, suna tambayar abin da ɗalibi ya fita da shi.

Tun ƙarshen 2024 hukumar ta ɗauki mataki mai zafi: ta bi bayan makarantun da ta rufe, ta soke dubban takardun shaidar da suka bayar ba tare da horo ko gwajin kirki ba. Da yawa na renon yara ne, da kula da tsofaffi da naƙasassu, da agajin gaggawa, da aikin gini. Cikin masu takardun akwai wanda ya san sayen ta ya yi, akwai kuma wanda ya biya kuɗinsa da zuciya ɗaya don ya ga makarantar na da lambar rajistar gwamnati. Dukansu wasiƙa iri ɗaya suka samu, da 'yan kwanaki na kawo hujjar cewa sun iya aikin.